Lissafin kwale-kwale da gudun ruwa ya tsaya mini

Assalamu alaikum malamai. Don Allah a taimaka mini da wannan lissafi.

Kwale-kwale mai inji ya bi ruwa kilomita 24, ya juyo ya dawo, tafiya da dawowa awa 5. Ruwan kogin yana gudun kilomita 2 a awa. Ana neman gudun kwale-kwalen a ruwa tsayayye.

Na kira gudunsa x. Da tafiya x + 2 ne, da dawowa x − 2. Inda na maƙale shi ne awa 5 ɗin, tunda a dunƙule aka ba da ita. Shin 24/(x + 2) + 24/(x − 2) = 5 daidai ne? Sannan me ya sa raba 48 da 5 ke ba da 9.6, alhali amsar littafi 10 ce? Ai na ɗauka abin da ruwa ya ƙara da tafiya shi ya ƙwace da dawowa.