"Kowa ya bar gida, gida ya bar shi": gargaɗi ne ko gori?

Mai albasa, kasuwar Mile 12 a Legas:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata 11 a Legas ina sayar da albasa. Da Babbar Sallar nan na je gida, na tarar tun bara an raba gonar mahaifinmu, an yanka mini gefen da ruwa ke kwanciya, ko waya ba wanda ya buga mini. Da na yi magana, Kawu yana zaune a kan buzunsa, bai ko ajiye carbi ba, ya ce, "Kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Har yau maganar tana cina. Ni ke aika kuɗin cefane kowane wata, ni na yi wa ɗakin Inna rufin kwano. Ta ina na bar gida?

Baba tela, unguwar Agege a Legas:
Wa alaikumus salam. Yi haƙuri, ɗana. Kalmar "bari" fuska biyu gare ta: akwai bari na tafiya, akwai bari na watsarwa. Na biyun ake nufi. Bayan layin dogo ya isa Kano a 1911, fataucin goro ya kawo iyayenmu Agege da yawa, wasu suka mutu a nan. Mahaifina kowace shekara sai ya ɗaura huhun goro ya ba 'yan jirgi su kai wa yayyensa. Ba wanda ya taɓa cewa ya bar gida. Kai ma ba ka bari ba.

Hajiya mai abinci, Idi-Araba:
Baba, a gafarce ni, ban yarda gaba ɗaya ba. Hausawan da suka yi wannan karin su ne suka ce zumunta a ƙafa take, ba su ce a aljihu ba. Kuɗi ba ya zaman makoki, ba ya riƙe jariri ranar suna. Ni shaida ce. Shekara huɗu ina turawa ta banki ina cewa sai kasuwa ta lafa. Ranar da mahaifiyata ta rasu na kwana a mota, na isa an riga an dawo daga maƙabarta. 'Ya'yan ƙanwata suka tsaya a bakin zaure suna kallona, ba su san ko ni wace ce ba. Ba wanda ya faɗa mini karin, ni na faɗa wa kaina. Malam mai albasa, ka yi mini afuwa, sau nawa ka je a shekara 11 ɗin?

Mai albasa:
Sau uku, Hajiya.

Haifaffen Agege:
To mu fa, iyayena? Nan aka binne cibiyata, nan aka binne kakana. In na je Kano a ce Hausata ta sha Yarabanci, a nan kuma a kira ni "aboki". Ni wanda ya fi kwanta mini shi ne "gida biyu maganin gobara". Da rikici ya tashi a Mile 12 a Maris 2016 aka rufe kasuwar, masu gida a Arewa suka loda mata da yara a mota. Da aka hana acaba a ƙananan hukumomi shida na Legas a Yunin 2022, abokaina da yawa gona suka koma. Ni ba ni da inda zan nufa, shi ya sa nake ganin mai gida na biyu bai kamata ya yi wasa da shi ba.

Baba tela:
Hajiya, kin fi ni gaskiya a kan ƙafa, na karɓa. Amma abu ɗaya ba zan saki ba. Wannan karin ana yi wa yaro ne yana ɗaure kayansa, don kada ya shantake. In aka faɗe shi bayan an tauye wa mutum haƙƙi, ya zama mayafi. Gado Allah ne Ya raba, magaji ko a Makka yake zaune kasonsa na nan, kuma ya kamata a nemi wakilinsa kafin a kafa turaku.

Mai albasa:
Na gode, Baba, na gode, Hajiya. In Allah Ya kai mu kaka zan je in yi wata guda, in fara da gaishe-gaishen da na tara kafin in ɗaga maganar gona. Baba, da limamin unguwa zan fara zuwa wurin Kawu, ko in je ni kaɗai tukuna?