Karnukan maƙwabci suna tare mu a hanya, yaya zan yi da ƙaramar karyata?

Malamar Firamare, Sawaba

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya hana ni sakat kusan wata biyu ke nan, kuma ina roƙon a yi haƙuri da tsawon bayanina.

Yayana ya tafi aiki ƙasar waje ya bar mana wata ƴar ƙaramar karya, irin masu gajerun ƙafafu da yalwar gashi, wadda nauyinta bai wuce kilo 5 ba. Amfaninta a gidanmu shi ne kunne, domin mahaifiyarmu ta manyanta, ba ta ji sosai, duk wanda ya taɓa ƙofa karyar ce take sanar da ita. An yi mata allurar rigakafi, tana da wurin kwananta a tsakar gida, kuma ni ce nake fita da ita da igiya kowace safiya bayan sallar asuba kafin in yi shirin makaranta, saboda tsakar gidan namu ƙarama ce kuma duk siminti ce.

A layin da ke bayanmu akwai wani gida mai manyan karnuka uku. Ana sakin su da dare domin gadi, ba a ɗaure su sai gari ya waye sosai, kuma da zarar yaran gidan sun buɗe ƙofa za su ɗebo ruwa, sai karnukan su fito titi. Sau huɗu suna taso mana. Ranar Talatar da ta wuce babban cikinsu, wani ja mai yankakken kunne, ya iso har ya sa hancinsa a jikinta, ni kuwa na fizge ta na rungume, sai ya yi tsalle ya yaga mini mayafi. Maigidan ya leƙo ya ce kada in ji tsoro, karnukansa ba sa cizo, wasa suke yi.

Mutumin nan dattijo ne, Ba'asante, ya riga mu zama a unguwarmu ta Sawaba da ke Kumasi a Ghana, kuma har jana'izar mahaifinmu ya halarta, saboda haka ba na son abin da zai haɗa mu rigima. Me ya kamata in yi a daidai lokacin da suka taso? Kuma ta wace hanya zan yi masa magana ya ji, ba tare da ya ga kamar na raina shi ba?

Tsohon Maigadi, Aboabo

Wa alaikumus salam ƴata. Na daɗe ina aikin gadi da karnuka, saboda haka bari in fara da abin da ya faru ranar Talata, domin a ganina ɗaukar da kika yi mata a wannan lokacin ita ce ta jawo tsallen. Kare dabbar farauta ce. Duk abin da ya motsa da sauri, ko ya yi sama yana wutsil-wutsil yana ƙara, sha'awar cafke shi take taso masa, ko da da farko shinshina kawai ya zo yi. Ga shi kuma hannayenki biyu sun cika, ba ki da abin kare kanki, sannan kin kusantar da bakinsa ga ƙirjinki da fuskarki. Allah ya kiyaye, a mayafi abin ya tsaya.

Abin da na sani shi ne wannan. Idan kin hango su daga nesa, ki juya cikin natsuwa ki sake hanya, ko ki tsallaka ɗaya gefen titin, domin yawancin karnukan gida iyakar ƙofarsu suke karewa, da kin fita daga abin da suke ɗauka nasu ne sai su ƙyale ki. Idan kuwa sun riga sun taso, kada ki gudu ko kaɗan, babu ɗan Adam da zai tsere wa kare, kuma gudun ne yake mayar da ke abin farauta. Ki tsaya cak, ki gajarta igiyar, ki mayar da karyarki bayan ƙafafunki, ki ɗan ba shi gefen jikinki, kada ki zuba masa ido cikin ido domin a wurinsu wannan neman faɗa ne. Sannan ki daka masa tsawa da murya mai kauri sau ɗaya ko biyu, ba ihu mai siririn sauti ba. Tun da karnukan gidan Ba'asante ne, da Twi aka rene su, ki ce masa "kɔ fie", wato tafi gida, ya fi saurin shiga kunnensa a kan Hausarmu.

Ki riƙa fita da lema ko da babu hadari. Buɗe ta farat ɗaya a gabansa yana razana shi, kuma tana zama katanga tsakaninsa da taki. Sai dai ki fara saba wa karyarki da buɗe lemar a gida, kada ranar da kika buƙata ita ce za ta fi kowa firgita. Na fi son lema a kan sanda, domin mai sanda yakan yi saurin duka, kare kuma idan ya sha duka a ƙofar gidansu yana riƙe mutum a zuci.

Ki koyi karanta jikinsa kuma. Mai haushi yana ja da baya yana dawowa, sau da yawa kora ce kawai yake yi. Wanda ya kamata ki ji tsoro shi ne wanda ya taho kai tsaye bai yi haushi ba, bakinsa a rufe, jikinsa a sandare, gashin bayansa a miƙe, wutsiyarsa a sama. Kaɗa wutsiya ba shaidar zumunci ba ce kullum, na ga wanda ya ciji mutum wutsiyarsa tana kaɗawa. In faɗa ya riga ya kaure, kada ki sa hannu tsakanin bakunansu, a wannan lokacin har taki za ta iya cizon ki ba ta sani ba. Ruwa ake watsa musu, ko a cusa lemar ko wani katako a tsakani, a yi ta kiran masu gida.

Ma'aikaciyar Jinya, Tafo

Baba Maigadi ya yi bayani mai amfani, Allah ya ƙara girma, sai dai ina da ɗan ja a kan batun ɗauka. Karya mai kilo 5 ba ta da ƙarfin da za ta jure cafka ɗaya daga babban kare, domin idan ya kama ta girgiza ta yake yi, kuma ramin haƙorin da za a gani a fata ɗan ƙarami ne alhali ɓarnar tana ciki. A ganina ɗaukar ba laifi ba ce, lokacinta ne abin lura. Idan suna nesa, Malama, ki ɗauke ta a hankali, ki rufe ta da mayafinki yadda ba za su ga motsinta ba, ki yi tafiyarki ba tare da sauri ba. In akwai katanga gajera, ko teburin mai koko da bai fito ba tukuna, ko bayan aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, da aka ajiye, ɗora ta a kai ya fi riƙe ta a ƙirji. Amma idan ya riga ya iso gabanki, to maganar Baba ce daidai. Ki kuma sauya mata abin wuya da irin ɗamarar da ke zagaye ƙirji, domin maƙogwaron ƙananan karnuka ba shi da ƙwari, fizgar igiya da ƙarfi tana iya yi musu lahani.

Abin da ya sa na shigo zancen ma ba wannan ba ne. Kin ce ya yaga miki mayafi. Don Allah ki duba hannuwanki da kafaɗarki da kyau, shin haƙorinsa ko farcensa ya taɓa fatarki, ko da ɗan ƙarzane ne wanda bai yi jini ba? Ina tambaya ne saboda cutar haukan kare tana nan a Ghana, kuma ita ce cutar da idan alamunta suka bayyana a jikin mutum kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum kimanin 59,000 a kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15, kuma har kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samun ta. Ƙwayar cutar tana cikin miyau, tana bin jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, abin da yakan ɗauki wata biyu zuwa uku, wani lokaci mako guda kacal, wani lokaci har shekara. Wannan jinkirin ne yake yaudarar mutane, ciwon ya warke a ido, a manta da shi.

Duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa, abu na farko shi ne ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, ba shafawa ɗaya ba, sannan ya nufi asibiti a ranar, ba washegari ba. Kada a barbaɗa toka ko a ɗaure da ganye. A asibiti ne za a duba ko ana buƙatar jerin alluran rigakafin da ake yi a ranaku daban-daban, da kuma ta tetanas. Karen da ya yi cizon ana tsare shi a sa masa ido na kwana 10, amma ba a jiran kwanakin su cika kafin a fara allura. "Ba ya cizo" magana ce da muke ji daga bakin mai kare kusan duk lokacin da aka kawo mana wanda karensa ya ciza. Tambayar da ta dace da maƙwabcinki ita ce, yaushe rabon da a yi wa karnukan nan allura, kuma ina katinsu?

Dattijon Layi, Asawase

Malama, Allah ya yi miki albarka da kika sa girman maƙwabci a gaba. Dabarun da aka ba ki na minti ɗaya ne, amma ƙofar gidan can ita ce tushen matsalar, kuma ba a titi ake gyara ta ba. Kuskuren da muke yi shi ne mu yi wa mutum magana a lokacin da abin ya faru, rai a ɓace, jama'a suna kallo, dole ya kare kansa ya ce wasa suke yi. Ki bari sai da yamma, ki sa kawunki ko wani babba namiji da suke gaisawa ya raka ki, ku shiga har gida ku gaishe shi. Kada ki ce karnukansa mugaye ne, domin mai kare yana jin zafin wannan kamar an zagi ɗansa. Ki nuna masa mayafin, ki ambaci yaran da suke bin layin zuwa makarantar allo da sassafe, sannan ki roƙi abu ɗaya tak wanda zai iya yi, wato a ɗaure su kafin a buɗe ƙofa. Wanda aka roƙa abu ɗaya yakan yi, wanda aka jera wa laifi goma ba ya yin ko ɗaya.

Batun katin allura kuma ki shigo da shi ta hanyar taki. Ki ce za ki kai ta asibitin dabbobi na gwamnati da ke Amakom a sabunta mata, ko yana so a yi wa nasa magana a haɗa gaba ɗaya. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ce ranar yaƙi da wannan cuta a duniya, kuma a wajen wannan lokacin ma'aikatan dabbobi sukan fito gangamin allura, yana da kyau ki sa kunne.

In an yi haka sau biyu bai canza ba, sai asambiliman ɗinku, wato wakilin unguwarku a majalisar ƙaramar hukuma, daga nan sai jami'an tsaftar muhalli, waɗanda muke kira saman-saman. Ki tuna Sawaba tana ƙarƙashin majalisar Asokore Mampong ne tun da aka cire ta daga ta Kumasi a 2012, saboda haka can za ki kai ƙorafi, kada ki sha wahalar zuwa ofishin majalisar Kumasi da ke Adum. Amma wannan mataki na ƙarshe ne, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Ina kuma gargaɗin matasan gidanku, kada wani ya ce zai taimake ki da guba. Zalunci ne, kuma abincin da aka jefar a lungu ba ya zaɓen wanda zai ci shi, akuya ce ko kaza ko yaro mai rarrafe.

Na san wasu za su ce me ya kai ki yawo da kare a Zongo. Mu dai a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai, jikin kare mai rai ba najasa ba ne, kuma an yi rangwame a ajiye shi don tsaro. Sai dai ki riƙa kauce wa ƙofar masallaci da masu fitowa daga salla, domin kowa da abin da zuciyarsa take ƙyama.

Tsohon Maigadi, Aboabo

Na karɓi gyaran ƴata ma'aikaciyar jinya, idan da tazara a ɗauke ta. Akwai abin da na manta ban tambaya ba. Kin ce mace ce, shin an yi mata aikin hana haihuwa? Karya takan shiga lokacin barbara kusan sau biyu a shekara, kowanne mako biyu zuwa uku, kuma a wannan lokacin babu lema ko tsawar da za ta hana mazan unguwa bin ta, daga nesa suke jin warinta. Idan kin ga gabanta ya kumbura ko tana ɗigar da jini, ki bar ta a gida har ya wuce.

Malamar Firamare, Sawaba

Na gode ƙwarai iyayena da ƴar'uwata, Allah ya saka da alheri. Na duba jikina kamar yadda aka ce, na kuwa sami ɗan ƙarzane a bayan hannuna na hagu wanda na ɗauka tsinin igiyar ce ta yi mini. Ban tsaya gardama da kaina ba, na je asibiti jiya, an fara mini allurar, an rubuta mini ranakun komawa.

Da yamma kuma muka je gidan da kawuna. Maigidan ya karɓe mu da mutunci, da ya ga hannuna sai jikinsa ya yi sanyi, ya kira yaran a gabanmu ya ce kada wanda ya sake taɓa ƙofa sai an ɗaure karnukan. Katin biyu daga cikinsu ya fito da shi, na jan kuwa ya ce ɗansa ne ya kawo shi daga ƙauye, zai tambaye shi, kuma ya yarda a tsare shi a gida a sa masa ido. Yau da safe na bi ta ɗaya layin duk da haka, da lemata a hannu. Baba Maigadi, ba a yi mata aikin ba, kuma da na lissafa, fitowar farko da suka yi mana ta zo daidai da makon da na riƙa ganin ɗigon jini a tsakar gida. Zan yi wa yayana waya a daren nan in ji ko ya amince a kai ta Amakom.