Kuɗin wuta ya ninka mana: shin ɗan haya zai ci ribar sauya na'urar sanyi?

Baban Sadiya, Makka

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwa mazauna ƙasa mai tsarki. Ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sani a kan wata matsala da ta hana ni sukuni tun shigowar zafin bana. Takardar kuɗin wutar da ta zo mini a watan Agusta ta kai riyal 943, a kan kilowat 4,500 da mita ta nuna, alhali gidan da muke haya ɗakuna uku ne da falo, a hawa na ƙarshe na wani tsohon bene a unguwar Rusaifa. Mu takwas ne a ciki, har da mahaifiyata wadda shekarunta sun ja, kuma ba ta iya jure zafi ko na awa ɗaya. Na'urorin sanyi huɗu gare mu, duk irin na taga ne da ake kira mukayyif shubbak, kuma a gidan muka tarar da su, ba wanda ya san shekarunsu.

Na zauna na lissafa da kaina, na ga babu kuskure a takardar. Tun daga watan Janairu na 2018 ana sayar da kilowat ɗaya halala 18 (halala ɗari ne riyal ɗaya) ga wanda bai wuce kilowat 6,000 a wata ba, abin da ya haura haka kuma halala 30, sannan a ɗora harajin kashi 15 cikin ɗari da ya fara aiki a watan Yuli na 2020. Kafin wancan sauyin, dubu biyun farko halala 5 ne, dubu biyu na gaba halala 10, na bayansu halala 20, wato wannan wutar da na sha da riyal 400 zan biya ta. Albashina kuwa yana nan kusa da inda yake a wancan lokaci.

Kowa na ce mini in sauya tsofaffin na'urorin da sababbi masu tsimin wuta. Na je kasuwa, an yi mini kuɗin guda ɗaya irin mai raba biyu, wadda ake kira isbilit, riyal 2,300 har da kafawa. Na tambayi rangwamen da hukuma ke yi, aka ce na 'yan ƙasa ne, ni kuwa iƙama ce da ni, wato takardar izinin zama ta baƙo. Na yi wa mai gidan magana, ya ce idan ina so in saya da kuɗina. Tambayata ita ce: in kwashe kuɗin adashin da zan ɗauka wata mai zuwa in zuba a wannan, a gidan da ba nawa ba, ko kuwa akwai hanyar da ta fi?

Mai Gyaran Sanyi, Jidda

Wa alaikumus salam, Baban Sadiya. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Shekarata goma sha tara a wannan sana'a, don haka bari in fara da lissafi, domin masu shago suna gaya wa mutum cewa sabuwar na'ura tana rage shan wuta, amma ba sa zama su nuna masa a cikin shekara nawa kuɗinsa za su dawo.

Tsohuwar na'urar taga mai ƙarfin sanyi 18,000 a ma'aunin BTU, idan na ɗora mata ma'auni, yawanci nakan tarar tana jan kilowat biyu da ɗan wani abu a awa, mu ce 2.2. Sabuwa mai kyau ta wannan girman tana jan kamar 1.5. Idan kana kunna ta awa 14 a rana, bambancin ya kama kilowat 294 a wata, kuma tunda kilowat ɗaya tare da haraji yana tsaya maka halala 20.7, abin da za ka rage a kowace na'ura riyal 61 ne a watan zafi. A Makka zafi yana cin fiye da rabin shekara, kuma ko a hunturu ba a kashe sanyi gaba ɗaya, saboda haka mu ce riyal 500 a shekara. Ka ga ke nan sai ka yi kusan shekara biyar kafin riyal 2,300 ɗinka su dawo. Ga wanda ke zaune a gidan kansa wannan ciniki ne mai kyau ƙwarai, domin na'urar za ta yi shekara goma ko fiye. Ga ɗan haya mai yarjejeniyar shekara ɗaya kuwa, sai ya ƙara da kuɗin cirewa da sake kafawa da cika gas duk lokacin da ya tashi, ga kuma hujin bango da mai gida zai iya cewa sai an biya shi.

Abin da ya fi damuna a bayaninka shi ne hawa na ƙarshe. Rufin kankare da ba a yi masa abin kare zafi ba yana shan rana tun daga hantsi, ya riƙe zafin, ya yi ta sakinsa cikin ɗaki har bayan tsakar dare. Shi ya sa kwampireso, wato injin da ke cikin na'urar, ba ya hutawa. Ko sabuwa ka kafa a ƙarƙashin irin wannan rufi, za ta yi ta aiki ba tsayawa, kuma ragin da za ka gani ba zai kai yadda aka yi maka alkawari ba.

Kafin ka taɓa kuɗin adashi, ka yi waɗannan. Ka cire ragar da ke tace ƙura ka wanke ta duk mako biyu. Ka sa a sauke na'urorin huɗu a wanke bayansu da ruwa mai ƙarfi, domin ƙurar Makka tana toshe su har iska ta kasa ratsawa, kuma na sha ganin na'urar da aka yanke wa ƙauna ta farfaɗo bayan wanki kawai. Ka duba gefen akwatin da aka zaunar da kowacce a bango. Sau da yawa akwai ɓaraka da za ka iya zura yatsa, kuma ta nan sanyin da ka saya yake fita. Soso da gam na 'yan riyaloli sun isa su toshe ta. Ka daina mayar da makunnin sanyi can ƙarshe, ka bar ɗakin a kan digiri 24. Idan bayan wannan sai ka sayi sabuwa, ka sayi ɗaya tak, ka sa a ɗakin Hajiya inda ake kunnawa dare da rana, kuma ka duba takardar ingancin wuta da ake liƙawa a jikinta, ka zaɓi wadda ke ɓangaren kore.

Maman Fahad, Madina

Malam Baban Sadiya, abin da ka faɗa shi ne halin da gidaje da yawa ke ciki, sai dai kunya ke hana mutane magana. Mai Gyaran Sanyi ya yi lissafi mai kyau, amma ina so in ƙara wani abu da bai shiga cikinsa ba. Tallafin da ake kira Hisabul Muwaɗin, wanda aka fara biya a watan Disamba na 2017, an kawo shi ne domin ya rage wa iyalai 'yan ƙasa raɗaɗin wannan ƙarin farashi. Mai iƙama ba ya cikinsa, kuma a daidai wannan lokaci ne aka ɗora masa kuɗin iyali, wanda ya fara da riyal 100 a kan kowane mutum a wata a 2017, ya kai 400 a 2020. Mutumin da ke biyan wannan a kan mata da 'ya'ya, da me zai tara dubu tara na sauya na'urori huɗu? Wanda ya fi kowa buƙatar tsimin wuta shi ne wanda ba shi da kuɗin sayen kayan tsimin, kuma wannan yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ga abin da ya same mu, ko zai amfani wani. Mun yi shekara biyu a wani gida da aka raba biyu, mu da wasu bayin Allah, a kan mita ɗaya. A watan zafi mukan sha kilowat 7,500 mu duka, sai 1,500 na sama su faɗa farashin halala 30. Da kowa na da mitarsa, da duka a kan 18 za su tsaya, wato muna asarar riyal 207 a wata ba tare da mun ƙara kunna ko ƙwan fitila ɗaya ba. Ban da wannan, rabon kuɗin ya kusa ɓata zumuncin da ke tsakaninmu, kowa na ganin ɗayan ne ya fi sha. Duk wanda zai kama haya, ya tambayi maganar mita kafin ya tambayi girman falo.

Yanzu a gidanmu, daga Yuni zuwa Satumba yara maza suna kwana ɗaki ɗaya, mata ɗaki ɗaya, falo kuma a rufe yake sai an yi baƙi. Na sa labule mai kauri a tagogin da ke kallon yamma, na mayar da girkin rana zuwa safiya, kuma tukunyar dumama ruwa a kashe take duk tsawon zafi, tunda ruwan tankin saman bene da zafinsa yake saukowa. Amma ina roƙonka, kada tsimi ya kai ga ɗakin Hajiya. Zafin da ya haura digiri 45 yana iya kwantar da tsoho a asibiti cikin yini ɗaya.

Abu Usama, Makka

Ni ɗan ƙasa ne, kakanninmu sun zo daga ƙasar Hausa da ƙafa, kuma ina da ɗan bene mai hawa uku da na gada, ina zaune a ƙasa, sama kuma 'yan haya ne. Don haka ku ba ni dama in yi magana ta ɗaya ɓangaren.

Ban yarda a ɗauka cewa shirye-shiryen hukuma na tsimin wuta ba su da amfani ba. Cibiyar kula da tsimin makamashi, wadda aka kafa a 2010, ta daɗe tana bayyana cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da gine-gine ke sha a ƙasar nan tana tafiya ne a sanyaya ɗakuna, saboda haka daidai ne da aka fara ta nan. Na ci moriyar rangwamen riyal 900 da aka yi a kan kowace na'ura mai raba biyu, kuma daga baya an zo da shirin Istibdal, inda aka riƙa karɓar tsohuwar ta taga a rage wa mutum riyal 1,000 a kan sabuwa. An kuma wajabta abin kare zafi a kan sababbin gine-gine, kuma wanda ya shiga sabon gida ya san bambancin tun daren farko.

Inda na yarda da Maman Fahad shi ne, tsofaffin unguwanni irin namu a Hindawiyya da Jarwal da Misfala an gina su ne lokacin da wuta ba ta da tsada, da bulo zalla, kuma yawancin masu zama a cikinsu haya suke yi. Bango na mai gida ne, takardar wuta ta ɗan haya ce. Mai gida ba ya jin zafin kuɗin, don haka ba ya gyara. Ɗan haya yana jin zafin, amma ba shi da ikon taɓa rufi. Ni kaina na yi shekaru ban kula ba, sai da mai haya na sama, dattijo mai mutunci, ya hau da ni ɗakinsa da la'asar ya ce in ɗora tafin hannuna a silin. Ban iya barinsa a wurin ba. A shekarar na sa aka shimfiɗa allunan kare zafi a saman benen aka rufe su, muka yi yarjejeniya cewa zan ƙara masa kaɗan a kuɗin haya, ƙasa da abin da yake ragewa a wuta. Har yau yana nan, ban sake neman ɗan haya ba, kuma yoyon ruwan sama da ke ɓata mini bango ya tsaya.

Shawarata gare ka, ɗan'uwa, ka koma wurin mai gidanka da wata magana daban. Kada ka ce masa ya saya maka na'ura. Ka ce masa kai za ka saya, a riƙa cirewa daga kuɗin haya kaɗan kaɗan, na'urar kuma ta zama ta gidan idan ka tashi. Idan ɗan ƙasa ne, ya bincika ko sharuɗɗan rangwamen sun hau kansa a matsayinsa na mai ginin. Duk abin da kuka daidaita a kai, a rubuta shi cikin yarjejeniyar haya ta Ejar, wato dandalin hukuma na rajistar haya, kada a bar shi a fatar baki. Sannan ina gargaɗin kowa game da masu zuwa suna cewa za su taɓa mita ta rage gudu: dukiyar jama'a ce, akwai tara mai nauyi, kuma mitocin zamani da aka kafa suna aika bayani kai tsaye.

Baban Sadiya, Makka

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Jiya bayan sallar isha'i na haska fitilar waya a gefen na'urorin kamar yadda Mai Gyaran Sanyi ya ce, na tarar uku daga cikin huɗu suna da ɓaraka, ɗaya ma har ana hango hasken titi ta ciki. Na toshe su da soso, kuma na yi magana da mai wanki zai zo ranar Asabar. Mitarmu tamu ce mu kaɗai, alhamdu lillahi, wannan kam na huta da ita.

Na yanke shawarar sayen guda ɗaya domin ɗakin Hajiya, sauran kuɗin adashin kuma in ajiye. Malam Abu Usama, yarjejeniyar hayarmu za ta ƙare a watan Rajab, kuma ina so in je wa mai gidan da maganar rufin kafin lokacin sabuntawa. Don Allah ka gaya mini nawa aikin ya ci maka a kan kowace murabba'in mita, da kuma kwana nawa masu aikin suka yi, domin in je masa da lissafi a hannu.