Tambaya kan fitilu biyun nan na bakin tashar jiragen ruwa

Mai_Nazari:
Salam jama'a, dan Allah masana harkar jirgin ruwa ku taimaka min. A wasu tashoshin ana gina hasumiya biyu masu fitila, ɗaya gajera a bakin ruwa ɗaya doguwa can bayanta, wai su ke nuna wa jirgi hanyar shiga. To ta yaya? Guda ɗaya ba za ta wadatar ba ne?

Tsohon_Matuƙi:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ai fitila ɗaya iyakarta ta ce maka ga tudu can, ba za ta gaya maka ko kana kan hanya ba. Ka san ruwan bakin tasha ba ko'ina ke da zurfi ba, akwai ƴar siririyar hanya da aka yashe, hagu da dama kuwa yashi ne ko duwatsu, babban jirgi in ya kauce kaɗan sai ya kafe. Shi ya sa ake jera biyun daidai saitin tsakiyar hanyar, ta baya ta fi tsawo. In matuƙi ya hango ta sama zaune cif a kan ta ƙasa to yana tsakiya. Da ya ga sun rabu ya san ya karkace, sai ya juya kan jirgi wajen da ta ƙasa take har su sake haɗuwa. Miƙe hannu ka jera yatsu biyu gaba da baya ka ɗan matsar da kai gefe, za ka gani da idonka. Da rana kuma alluna masu zane a tsaye da ke jikin hasumiyoyin biyu ake dubawa.

Mai_Nazari:
Allah ya saka da alheri Baba, na gane sosai. Amma yanzu da ake da GPS, na'urar da ke nuna inda jirgi yake ta tauraron ɗan'adam, ai aikinsu ya ƙare ko?

Injiniya_H:
Haba Malam, ina! Wallahi ko kusa. GPS ana iya toshe shi ko a rikita shi ya nuna jirgi inda ba nan yake ba, ƴan shekarun nan jirage sun sha fama da haka a tekun Baltic na arewacin Turai, ita kuwa fitila ido ne kawai tsakaninka da ita, ba ruwanta da tauraron ɗan'adam, kuma take kake ganin kaucewar ba sai na'ura ta yi lissafi ba. Dabarar ta daɗe fa, tun 1763 aka gina irinsu a hanyar shiga Libaful ta Ingila, kuma har yau jiragen kwantena da ke bin kogin Elbe zuwa Hambug a Jamus suna bin su, ana ƙare layi ɗaya a lanƙwasa sai a kama na gaba.

Tsohon_Matuƙi:
Gaskiya ne Injiniya. Matsalarsu dai hazo, in ya yi kauri ba ka ganin komai sai a koma kan rada, wato na'urar da ke hango abin da ke kewaye da jirgi ko da ido ba ya gani. Sannan yashi yana tafiya, hanya ta kan sauya, dole hukumar tasha ta riƙa auna zurfi tana yashewa, in abin ya gagara a matsar da ita fitilar gaban.