Bututun shigo da hasken rana: zai yi aiki a ɗakin da bene ya tare wa taga?

Mazaunin Gwammaja ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gini da rufi. A gidanmu na gado akwai ɗakin mahaifiyarmu, wanda yake da taga ɗaya a bangon gabas, amma shekara biyu da suka wuce maƙwabcinmu ya ɗora bene, bangonsa ya tsaya dab da tagar, ta yadda ko da tsakar rana sai an kunna fitila kafin Hajiya ta iya karanta Alƙur'ani ko ta zira zare a allura. Babu wani bangon da za a fasa sabuwar taga, domin biyu suna haɗe da wasu ɗakunan, na ukun kuma rumfa ta rufe shi. Rufin kwano ne, da silin a ƙasansa. Na ga ana sanya wani bututu da yake ɗauko hasken rana daga saman rufi ya zubo shi cikin ɗaki ba tare da wutar lantarki ba. Shin zai ƙara wa ɗakin zafi a irin yanayinmu na Kano? Ruwa ba zai biyo shi ba da damina? Kuma masu aikin hannu na gida za su iya haɗa shi, ko sai an yi odarsa daga waje?

Mai Zanen Gini ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya saka da alheri bisa kula da Hajiya. Abin yana da sassa uku. A saman rufi akwai murfi mai kama da kifaffiyar ƙwarya, na roba mai ƙarfi wadda haske yake ratsawa. A tsakiya akwai bututun da cikinsa yake sheƙi kamar madubi. A jikin silin kuma akwai faifai mai dishi-dishi wanda yake baza hasken a ɗaki, don kada ya sauka wuri guda ya kashe ido. Wani kamfani mai suna Solatube ne ya shahara da shi, daga Ostareliya ya faro, ya kuma fara sayar da shi a farkon shekarun 1990. Girman da aka fi amfani da shi a gidaje shi ne mai faɗin inci 10 da mai inci 14, kuma na inci 10 ya wadatar da ɗakin kwana irin wanda muka saba ginawa.

Ta fuskar haske, Kano ta fi ƙasashen da suka ƙirƙiro abin dacewa da shi. Muna kusan digiri 12 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka rana tana tsayawa daidai tsakar ka sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da kuma cikin Agusta, kuma ko a Disamba da ta fi karkata kudu, tsayinta da azahar yana kai kusan digiri 55. Amfanin wannan shi ne, idan rana tana sama sosai haskenta yana gangarawa cikin bututun kusan kai tsaye, ba ya yawan karo da bango. Kowane karo kuwa asara ne. Idan cikin bututun yana mayar da kashi 98 cikin ɗari na haske, bayan karo goma saura kusan kashi 82. Idan kuwa kashi 85 yake mayarwa, bayan karo goman nan abin da zai rage bai wuce kashi 20 ba. Wannan lissafi shi ne amsar tambayarka ta uku. Mai walda ko maƙerin farin ƙarfe zai iya naɗe fallen alminiyam ya yi bututu, amma ba zai kai na kamfani sheƙi ba, don haka sai ya kasance gajere kuma miƙaƙƙe. Tunda tsakanin kwanonku da silin da wuya ya wuce mita ɗaya da rabi, na gida ma zai ba da haske mai amfani. Abin da ba na ba da shawara shi ne bututu mai lanƙwasa da yake da ƙunji-ƙunji a ciki, domin yana cinye haske ƙwarai.

Game da zafi, gaskiya ita ce duk hasken ranar da ya shiga ɗaki yana zuwa da ɗumi, amma ƙofar shigarsa a nan ƙarama ce, ba ta kai faɗin faranti ba, kuma zafin da kwano yake saukarwa ta silin a watan Afrilu ya ninka wannan nesa ba kusa ba. Inda mutane suke ƙonewa shi ne idan suka cire fallen kwano guda suka sa na roba mai haske, irin wanda ake gani a rumfunan kasuwa da masana'antu. Wannan a ɗakin kwana azaba ce.

Kafin komai, ka hau rufin ka duba inda inuwar benen take faɗawa da hantsi da azahar da la'asar. Tunda benen yana gabas, da safe zai tare rana, don haka a matsar da murfin can ɓangaren yamma ko kudu na rufin ɗakin.

Kafintan Rufi Daga Kurna ya amsa:

Injiniya ya yi bayanin haske, ni kuma zan tsaya a kan ruwa, domin mu ake kira idan silin ya fara taswira. Duk ramin da aka huda a kwano, wurin yoyo ne sai dai idan an yi masa aiki na gaskiya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a yanka kwanon, a zura bututun, sannan a zagaye shi da gam ko kwalta a ce an gama. Kwano yana buɗewa da rana yana tsukewa da dare, kuma gam ɗin da ya sha zafin bazara yakan tsage kafin ruwan farko ya sauka. Abin da ya kamata shi ne a yi wa bututun wuya na falle, wanda gefensa na sama zai shige ƙarƙashin kwano ko ƙarƙashin murfin tsakiyar rufi, na ƙasa kuma ya hau kan kwanon, ta yadda ruwa zai gangara ya wuce ko da babu gam. Gwargwadon kusancinsa da tsororuwar rufi, gwargwadon ƙarancin ruwan da zai biyo ta kansa. A ɗaure murfin da noti, kada a dogara da ƙusa, saboda iskar farkon damina da take yaye rufin mutane ba za ta bar abin da ya yi tsini a sama ba.

Sai ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo zai lulluɓe murfin, hasken ya ragu, kuma babu ruwan da zai wanke shi sai an hau an goge da tsumma mai laushi. Amma wadda ta fi ɓarna ita ce ƙurar da take shiga ciki ta kwanta a jikin sheƙin, saboda haka a liƙe duk mahaɗar bututun, kada a bar kafar da ƙadangare ko gizo-gizo zai samu. A yi aikin da rani, sannan a kwarara ruwa da bokiti a gwada kafin a sallami ma'aikaci. Wanda rufinsa dakin ne kuwa, wato zubin kankare, kada ya bari a fasa masa kankare ba tare da injiniya ya duba inda rodi ya bi ba.

Malamar Makaranta Daga Ɗorayi ta amsa:

Ban ƙi abin da malamai suka faɗa ba, amma ina ganin ya kamata a auna da wata hanyar. Bututun nan da rana kawai yake aiki, alhali tsofaffi sun fi buƙatar haske da asuba da kuma tsakanin magariba da isha. Ƙaramin faifan sola da batir da ƙwai biyu za su ba Hajiya haske dare da rana, ba tare da an huda rufi ba. Na biyu, ɗakin da tagarsa ta toshe ba haske kaɗai ya rasa ba, har da iska, kuma bututun a rufe yake, ba ya fitar da zafi ko danshi. Abin da na yarda ya fi taga da shi shi ne sutura, tunda haske daga sama yake zuwa, babu mai leƙen ɗakin matan gida daga bene.

Idan ana son gwaji mai araha, akwai dabarar da wani makanike ɗan Birazil mai suna Alfredo Moser ya fito da ita a 2002: a cika gorar roba da ruwa, a ɗiga bilic kaɗan don kada gansakuka ta fito, a kafa ta a kwano rabi a waje rabi a ciki. Ta yaɗu sosai a Filifin. Sai dai tana amfani ne inda babu silin, kamar kicin ko banɗaki.

Mazaunin Gwammaja ya sake rubutawa:

Na gode muku baki ɗaya, Allah ya bar zumunci. Malama, muna da fitilar sola a ɗakin, amma Hajiya tana cewa haskenta yana gajiyar mata da ido, kuma ba ta gane shigar lokacin salla idan ba ta fito tsakar gida ba. Wannan ne ya sa nake neman hasken rana na ainihi. Maganar iska kuwa ban yi tunaninta ba, zan sa a buɗe kafa a saman ƙofa a sa raga. Jiya na hau rufin kamar yadda Injiniya ya ce, na tarar inuwar benen tana barin ɓangaren yamma tun wajen ƙarfe goma na safe. Malam Kafinta, kwanonmu tsoho ne mai ƙananan kwari, ya ɗan fara tsatsa a wasu wurare. Shin za a iya yin wuyan a jikinsa, ko sai na canza fallen da za a huda tukuna?