Kwalekwalen katako a gareji: haƙarƙari da kanbas, ko siraran katako da epoksi?

Mai Zarto: Salamu alaikum 'yan uwa. Mu uku ne muke son haɗa kwalekwale mai tsawon mita 4.9 a garejina, don sha'awa. Hanya biyu ce a gabanmu: ko mu turara haƙarƙarin katako da tururin ruwan zafi mu lanƙwasa, mu buga alluna, mu rufe da yadin kanbas, ko mu jera siraran katako masu kaurin milimita 6 mu manne, mu rufe da faibagilas (yadin zaren gilashi) da epoksi (wani gam mai ƙarfi da ke hana ruwa shiga). Damuwata ita ce ɗayanmu yana da asma, kuma taga ɗaya ce a garejin. Wacce za mu ɗauka?

Baba Gizago: Wa alaikumus salam. Yaro, ku bar wannan haɗe-haɗen. Ku sami gungume mai lafiya ku sassaƙe. Abin da ba shi da mahaɗa ta ina zai yi yoyo?

Ɗan Filafili: Baba, gungume a gareji? Sai dai a yaye rufin a zura shi ta sama!

Abu Ruwa: Malam, kafin ku sayi ko ƙusa ɗaya, ku zauna ku rubuta wa ke da jirgin. Ni mu uku muka yi, kamar ku. Ɗakina ne, wutata ce, kuma ni na yi gugar samfefa kusan duka, ciki da waje, har sai da tafin hannu ya daina jin gaɓar katako. Ɗayanmu katako kawai ya saya. Shi ne kuma ya ce safar hannu ɓata kuɗi ce. Epoksi ya taɓa min fata a kai a kai, yatsuna suka yi ƙuraje, fatar ido ta kumbura. Likita ya ce in jiki ya riga ya ƙi shi, ya ƙi ke nan. Yanzu ko an buɗe gwangwani a kusa da ni sai ƙaiƙayi. Da muka gama shafa banish, na yi tafiya. Na dawo na tarar da benci biyun da muke ɗora shi a kai, ga busasshen ɗigon epoksi a ƙasa ya zana siffar jirgin, jirgi kuwa babu. Wanda ya sayi katakon ne ya ɗauke, wai ai katakonsa ne. Har yau ba ma gaisawa.

Umman Yara: Subhanallahi. Allah ya musanya maka da mafi alheri, yaya.

Kafinta Sabo: Amin. Amma Mai Zarto, kanbas ya fi araha. Epoksi da faibagilas kaɗai sun fi katakon tsada.

Abu Ruwa: Ba haka na gani ba. Dogon katako marar ƙulli shi ya cinye kuɗinmu. Kuma ka manta kanbas sai an fara gina cikakken ƙwarangwal da za a haɗa jirgin a kansa, mai ɗaurin ƙarfe, wanda zai lanƙwashe bakin ƙusoshin tagulla in an buga. Wannan kaɗai aikin jirgi guda ne. Ga abin da ake shafa wa yadin, sai ya yi makonni kafin ya bushe a yi fenti.

Kafinta Sabo: Wa ya ce sai dogo? Ka fere bakin gajeru a karkace ka haɗa da gam.

Abu Ruwa: Ka taɓa sa jirgi a ruwa, ko ƙofa da kujera ne?

Kafinta Sabo: Yallaɓai, wanda aka ɗauke wa jirgi bai fi ni sanin katako ba.

Umman Yara: Haba, ku yi haƙuri. Bawan Allah ya ce abokinsa na da asma, ba wanda ya kula. Ƙanena, ƙurar jan sida, katakon da aka fi yin siraran da shi, tana jawo asma ko ga mai lafiya. Takunkumin takarda ba ya tare tururin epoksi, sai mai matatar gawayi. Ya ga likitansa tukuna.

Mai Zarto: Na gode, Umma. To in kanbas ne, turara katakon fa? Na ji ana cewa awa ɗaya ga kowane kaurin milimita 25.

Ɗan Filafili: Haka ne, kuma ɗanyen katako ya fi lanƙwasuwa, busasshe karyewa yake. Amma ku tanadi ƙarafunan matse katako da yawa, kuma kada ku ba da aro. Nawa maƙwabci ya karɓa zai gyara gado, rabi suka dawo, ɗaya ma a lanƙwashe.

Baba Gizago: Kai naka sun dawo. Dutsen washina fa? Wanda ya ara ya ce ɗansa ne ya yar a ƙasa ya rabe biyu, kuma jiya ya sake aiko yaron wai in ba shi gizago.