Tseren motoci na Monza da yawon birnin Milan: yaya ake tsara kwana huɗu?

Mai_Niyya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina shirin zuwa kallon tseren Formula 1 na Italiya a filin Monza, wanda ake yi a watan Satumba, kuma ina son in zaga Milan kafin in dawo. Kwana huɗu gare ni, Juma'a zuwa Litinin, kuma Litinin na ware don yawon gari. A ina ya kamata in kama masauki, Monza ko Milan? Wane tikiti ya fi dacewa da wanda bai taɓa zuwa ba? Shin hayar mota ta fi, ko jirgin ƙasa? Masana a taimaka.

Baban_Taya:
Wa alaikumus salam Malam. Ka kwana a Milan, kusa da tashar jirgin ƙasa ta Centrale ko ta Porta Garibaldi. Monza ƙaramin gari ne, ɗakunansa kan ƙare tun da wuri a makon tsere, wanda ya rage kuma sai an ninka kuɗinsa. Daga waɗannan tashoshi biyu jirgin ƙasa na kamfanin Trenord yana kai ka tashar Monza cikin minti 10 zuwa 20.

Maganar hayar mota ka ajiye ta gefe. Tsakiyar Milan akwai yankin da ake kira Area C, ana biyan kuɗin shiga a ranakun aiki, ga kuma titunan da aka rubuta ZTL waɗanda kyamara ke ɗaukar lambar duk motar da ta shiga ba izini. Tarar za ta biyo ka ta hannun kamfanin hayar bayan ka manta da tafiyar. A Monza kuma ana toshe hanyoyin da ke kewaye da filin.

Abin da baƙi ba sa ganewa shi ne, isa tashar Monza ba isa fili ba ne. Filin yana can arewacin wani makeken lambu mai hekta 688 wanda aka zagaye da katanga, kuma daga tashar zuwa ƙofa ya kai kilomita biyar zuwa shida. A makon tsere akwai motocin bas na musamman daga tashar, amma ba sa kai ka mazauninka. Sauke ka za su yi, ka ƙarasa da ƙafa, tafiyar da ba ta gaza minti 20 ba, wani lokaci ta ninka haka. Saboda haka ka fara duba harafin ƙofar da ke kan tikitinka kafin ka zaɓi hanya. In mazauninka yana wajen lanƙwasa biyu na titin tseren da ake kira Lesmo, akwai ƙaramar tasha mai suna Biassono-Lesmo Parco a kan layin S7 daga Porta Garibaldi, tana dab da ƙofar arewa. In kuwa kana wajen layin tashi ko Parabolica, wato lanƙwasar ƙarshe ta titin, sauka a can wahala ce kawai, don sai ka ratsa filin gaba ɗaya.

Tikitin jirgi ka yanki na zuwa da dawowa tun da safe. A tsarin shiyyoyin kuɗin tikiti, Monza tana shiyyar Mi4, tikitin cikin Milan kuwa Mi1 zuwa Mi3 yake ɗauka, don haka bai isa ba. In na takarda ne, ka buga shi a na'urar da ke bakin dandamali kafin ka hau, in ba haka ba mai duba tikiti zai ci ka tara.

Hajiya_Giya_Takwas:
Bayanin Baban_Taya ya yi daidai. Bari in ɗora a kan tikitin kallo, don a nan ake yin asara.

Tsawon titin Monza kilomita 5.793 ne, ana zagaya shi sau 53, kuma shi ne mafi gudu a jadawalin gasar. Ma'anar wannan ga ɗan kallo ita ce, in ka zauna a gefen miƙaƙƙiyar hanya, mota mai gudun sama da kilomita 330 a awa wulgawa kawai za ta yi. Ka nemi inda ake taka birki. Mafi kyau shi ne kwanar farko, Variante del Rettifilo, inda direba ke saukowa daga wannan gudun zuwa ƙasa da 90 cikin 'yan daƙiƙu. A nan ake yawan wuce juna, a nan kuma ake gogayya a zagayen farko lokacin da motocin ke cunkushe. Na biyu a wurina Ascari ce, lanƙwasa uku a jere, hagu, dama, hagu, inda za ka ga yadda motar ke sauya alkibla. Parabolica, wadda aka sa wa sunan Alboreto a 2021, ita ta fi dacewa da mai son shiga cikin titi bayan an kammala, lokacin da ake buɗe wa jama'a su ruga ƙarƙashin mumbarin da ake ba da kofi.

Tikiti iri biyu ne: tribuna, wato kujera mai lamba, da prato, wanda ba shi da mazauni, sai inda ka samu. Prato ya fi araha nesa ba kusa ba, amma Monza daji ne, bishiyoyi da shingen waya suna tare gani, kuma wuraren kirki suna cika da zarar an buɗe ƙofa. Wanda ya tashi neman ruwa ya rasa wurinsa. Ga sabon zuwa, ni dai ina ganin gara ka sayi kujerar da ke fuskantar babban allo. Ba tare da allo ba, ba za ka san wa ke gaba ba da zarar an fara shiga canjin taya.

Ranar Lahadi ƙarfe uku na rana ake tashi, kuma tseren kan ɗauki wajen awa ɗaya da kwata. Ka baro Milan kafin ƙarfe takwas. Ka sauke tikitinka cikin waya tun daga masauki, don intanet kan tsaya cak idan mutane suka taru. Ka riƙi hula, rigar ruwa mara nauyi, abin toshe kunne, batirin ko-ta-kwana, da takalmin da ba ka jin tausayinsa, domin in aka yi ruwa hanyoyin lambun caɓi suke zama. Kwalbar gilashi ba ta shiga. Sauran ƙa'idar ruwa da jaka tana sauyawa, ka karanta ta shekarar a shafin filin.

Ɗan_Kanikawa:
Malam, kada ka bari Juma'a ta wuce ka a kan kujera. Ranar gwaji ce, jama'a ba su kai na Lahadi ba, ita ce ranar zaga filin da ƙafa. An gina Monza a 1922, kuma a cikin dajin har yanzu akwai tsohon titin kankare mai gangare da aka yi a 1955, wanda suke kira Sopraelevata. Formula 1 ta yi tsere a kansa sau huɗu, na ƙarshe a 1961. Hoto ba ya nuna tsayuwarsa: can sama gangaren ya kai kashi 80 cikin ɗari, mutum ba ya iya hawa a tsaye. Titin yanzu yana bi ta ƙarƙashinsa tsakanin Lesmo ta biyu da Ascari. A makon tsere akan killace wasu sassansa, don haka mai son ganinsa a natse ya zo a ranar da ba a komai, shiga lambun kyauta ne.

Fitowa ranar Lahadi kuma, kada ka yi gaggawa. Kowa tasha ɗaya yake nufa a lokaci ɗaya, layin bas sai ya fi tafiyar ƙafa daɗewa. Ka bi ta cikin lambun a hankali zuwa fadar Villa Reale, ka gangara cikin gari, ka ci abinci kusa da babbar majami'ar Monza, sannan ka nufi tasha bayan an rage. Kada ka kuskura ka sayi tikitin jirgin sama na daren Lahadi.

Baban_Taya:
Akwai gyara ɗaya a tsarinka, Mai_Niyya. Ka ware Litinin don yawon gari, alhali ranar ce gidajen tarihi da yawa na Milan ke rufe. Zanen Leonardo da Vinci da ke bangon ɗakin cin abincin sufayen majami'ar Santa Maria delle Grazie ba a ganinsa ran Litinin, haka ɗakunan tarihi na tsohuwar fadar Castello Sforzesco, ko da yake farfajiyarsa a buɗe take. Zanen nan minti 15 kacal ake ba kowane rukuni, kuma tikitinsa kan ƙare makonni kafin ranar. In yana ranka, ka iso ran Alhamis, ko ka sadaukar da safiyar Juma'a.

Abin da Litinin za ta ɗauka: Duomo, babbar majami'ar Milan, wanda aka fara gininsa a 1386. Layin metro M3 daga Centrale yana sauke ka a ƙofarsa. Ka yanki tikitin hawa rufin, ta matakala ko ta lif, ka je da safe kafin layi ya yi tsawo, kuma a rufe kafaɗa da gwiwa. Galleria Vittorio Emanuele II, rufaffen titin shaguna, tana gefensa, daga can zuwa Castello tafiyar minti goma ce da ɗoriya. Tunda motoci ne suka kawo ka, gidan tarihin Alfa Romeo da ke Arese, bayan gari, Talata yake hutu, don haka Litinin ta yi. Da yamma ka sauka Porta Genova a layin M2 ka ga magudanan ruwa na Navigli.

Ka kula da aljihunka a Centrale da cikin metro. Kuma mako guda kafin tafiya ka duba ko an sanar da yajin aikin sufuri, domin a Italiya ana bayyana ranarsa tun da wuri. In jirgin samanka daga filin jirgi na Malpensa zai tashi, ka ware kusan awa ɗaya na jirgin ƙasa daga Centrale; filin jirgi na Linate kuwa layin M4 yana kai ka kai tsaye daga San Babila.

Mai_Niyya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan matso da zuwan zuwa Alhamis, in nemi kujera a kwanar farko.